Taro Ɗaya, Zaure Biyu

Taron shekara na ƙungiyar likitocin dabbobi ya buɗe da safiyar Talata a zaure biyu, a otal biyu da ke kallon juna, titi ɗaya a tsakaninsu. A zauren tsohon otal masu jawabi ne zaune, kowa da takardarsa a cinya, babu mai sauraro. A zauren sabon otal mai gilashi masu sauraro sun cika kujeru, tafintoci sun saƙala abin ji a kunne, babu mai jawabin da za a fassara. Kamfani ɗaya ne ya shirya duka biyun, kuma mutum biyu ya turo: wa da ƙanwarsa, uwa ɗaya uba ɗaya.

Ƙanwar, Auta ake ce mata a gida da ofis, duk da ta haura arba'in har tana da 'ya a jami'a. Wan kuwa Yaya ne a bakin kowa, har ma'aikatan da suka girme shi. Mahaifinsu ne ya kafa kamfanin, ya yi shekara da shekaru yana shirya wa ƙungiyoyi taro, kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi ta tafi da rabin maganarsa. Manyan ƙungiyoyin da ya bari sun zame ɗaya bayan ɗaya, ta likitocin dabbobi ce kaɗai ta rage. Bana ta fara kai taronta ƙasar waje, kuma shugabarta ta faɗa a fili cewa da wannan taron za ta gane ko 'ya'yan sun gaji ubansu. In ba su gada ba, za ta nemi wani kamfanin.

Wa da ƙanwar ba sa magana da juna. Abin ya faro ne a wani taro shekara biyu baya. Auta tana kan dandamali tana sanar da canjin lokaci, Yaya ya hau ya zare makirufo daga hannunta, ya ce wa jama'a su yi haƙuri, ƙanwarsa ce, koyo take yi. Aka yi dariya. Washegari ta wuce shi a baranda ba ta gaishe shi ba. Ya ce shi ba ya magana da ƙaramar da ba ta gaida na gaba da ita. Ta ce gaisuwarsa tana nan a ajiye, ranar da ya ba ta haƙuri ya zo ya karɓa. A nan maganar ta tsaya.

Abin da ya hana kamfanin rushewa teburi ne guda a baranda, tsakanin ofishinsa da nata. Gwaggo ce a kansa, ƙanwar mahaifinsu, wadda ta fara aikin tun ana buga wasiƙa da tafireta. Auta za ta leƙo ta ce, "Gwaggo, ki gaya wa ɗanki motocin da ya ɗauko ko buhun siminti ba a sawa a ciki." Gwaggo ta ce to, ta gyara tabarau, ta tsallaka ta ce, "Auta ta ce motocin sun yi, sai dai ko a ƙara guda mai sanyi." Amsarsa ma sai ta wanke ta tas kafin ta kawo. In magana ta cije, sai ta ce wa kowannensu ɗan'uwansa ya yarda, ta bari zukata su huce, sannan ta ɗaga waya ta soke ɗaya ta bar ɗaya. Wanda aka soke nasa sai ya ji cewa otal ne ya kawo uzuri, ko mai mota ne ya yi tafiya. Auta ba ta taɓa tambayar dalilin da uzuri ya yi yawa haka ba.

A kan zauren wannan taron ma magana ta cije. Auta ta zaɓi sabon otal, saboda zaurensa zai ɗauki kowa kuma yana da ɗakunan tafinta a jikin bango. Yaya ya zaɓi tsohon, saboda zaurensa a ƙasa yake ba matakala, ga ɗakunan kwanan manya a samansa, kuma wanda zai buɗe taron wani tsohon farfesa ne da ke kan keken marasa lafiya. Gwaggo ta ce wa Auta, "Ya yarda." Ta ce wa Yaya, "Ta yarda." Kowa ya kama zaurensa, ya rubuta wa mutanensa. Rabon aikin dama haka yake: masu jawabi da shugabanni na Yaya ne, wakilai da tafintoci na Auta. Kafin Gwaggo ta ɗaga wayar da ta saba ɗagawa, santsi ya kwashe ta a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka yi mata aiki ana saura kwanaki a tashi, 'yarta ta karɓe wayar ta jefa a jaka.

Kujera uku aka saya a jere a jirgi, Gwaggo a tsakiya. Da ta kwanta, sai aka ba wani kujerar, wani ƙaton mutum mai sayar da kayan gyaran mota, mai son hira.

"Malam," in ji Auta tun jirgi bai tashi ba, "don Allah ka gaya wa na kusa da kai jakarsa ta cinye wurin tawa a sama."

Mutumin ya dube ta, ya dubi Yaya da ke zaune ta bakin hanya da jarida a buɗe.

"Ai yana jin ki, Hajiya."

"Ka dai gaya masa."

"Ka ce mata," in ji Yaya, bai ɗago ba, "wurin ba gadonta ba ne."

"Ikon Allah. Mata da miji ne ku?"

"Allah ya kiyaye," suka ce a tare. Wannan kaɗai suka haɗa baki a kai a duk tafiyar.

Tafiyar ta ci wuni guda da ɗoriya, da sauka a wani filin jirgi a tsakiya, inda suka zauna a ƙarshen benci ɗaya kowa yana kallon gefensa. A jirgi na biyu ma mutumin ne a tsakaninsu. Sanyi ya shiga ƙashin Auta, ƙafafunta suka kumbura har ta cire takalmi. A ɗan allon da ke gabanta hoton jirgi ya maƙale a kan teku kamar an liƙa shi. Mai kayan motar ya kai saƙo a rufe taga, ya kai saƙo a miƙo ruwa, ya kai saƙo a tashi za ta wuce banɗaki. Daga baya ya kira ma'aikaciyar jirgi ya roƙi a canja masa wuri, ta ce ko'ina a cike yake.

"Ni kayan mota nake sayarwa," ya ce wa bayan kujerar da ke gabansa. "Ban taɓa neman aikin alƙali ba."

Auta ta buɗe kwamfuta tana tsara yadda za a jera kujeru. Ta gefen ido ta ga Yaya ya shimfiɗa wata takarda a kan ɗan teburinsa, zanen zaure ne mai ƙofa a gefe da ginshiƙai a tsakiya. Zaurenta ba shi da ginshiƙi ko ɗaya. Ta ɗan tsaya. Sai ta tuna cewa kallon takardarsa ma wani irin magana ne, ta juyar da kai taga.

A wurin shige da fice jami'in ya ga sunan uba ɗaya a fasfo biyu, da wasiƙar kamfani ɗaya. Ya tambaya ko tare suke. Yaya ya ce eh, Auta ta ce a'a. Aka fitar da su daga layi, aka sa kowa a ɗan ɗakinsa, farin bango, kujera biyu, teburin ƙarfe da aka ɗaure a ƙasa. Jami'in ya tambaye ta aikinta, da ranar komawarta, da otal ɗin da za a yi taron. Ta faɗa. Ya fita, ya daɗe, ya dawo ya sake tambayar sunan otal ɗin. Ta sake faɗa, a hankali, yadda ake yi wa mai nauyin ji. Ya kalle ta kallo mai tsawo, ya buga hatimi ya miƙo mata fasfo.

Tasi biyu suka hau. Ana yayyafi. Ta ga tasinsa ya wuce gaba, ya zagaya, ya tsaya a ƙofar tsohon otal a ɗaya hannun. Ta ɗauka kwana kawai zai yi a can don ya nuna mata bai huce ba. Ta ce a ranta ya kwana a kan titi ma in ya so.

Ranar Lahadi ce. Manajar taro ta sabon otal, wata doguwa mai ɗaure da waya a kunne, ta kai ta hawa na uku ta kunna fitilu. Zauren ya yi daidai da hotonsa: faɗi, ba ginshiƙi, dandamali mai matakala, ɗakunan tafinta a baya, bango guda na gilashi yana kallon titi. Auta ta gwada makirufo, ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ta ji muryarta ta cika wurin. Ta koma ɗaki ta faɗa kan gado da mayafinta.

Da safiyar Litinin ta ja labule. Titin mai faɗi ne, da shingen ƙarfe a tsakiya, sai gadar sama can gaba ga mai son tsallakawa. A ɗaya hannun mutum biyu ne a kan tsani suna ɗaure wani dogon ƙyalle a goshin tsohon otal. Yaya yana ƙasa da laima yana nuna musu a ɗaga hagu. Da ƙyallen ya miƙe ta karanta. Sunan ƙungiyar ne, da taken taron, da ranar gobe. Irinsa sak yana naɗe a jikin bangon ɗakinta.

Sai ta gane kallon da jami'in ya yi mata.

Ta kira ɗaya daga cikin masu jawabin, ta yi kamar sannu da zuwa take yi masa. Ya ce ya iso lafiya, ɗakinsa yana saman zauren ma, matakala kaɗan zai sauka. Ta ce madalla, ta kashe.

Babban tafinta yana zauren yana duba wayoyi. Ɗan gida ne da ya daɗe a ƙasar har ya yi furfura a can, siriri, yana magana kamar mai karanta labarai a rediyo.

"Malam, aike zan yi maka," ta ce. "Ka tsallaka ka ce wa wancan mutumin ya sauke tsummansa daga jikin wancan kangon. Ka ce masa taro a nan yake, kuma ya yarda tun a gida. In tsufa ne ya fara taɓa masa kai, ya faɗa a nemo magani, ga likitocin dabbobi nan sun cika gari."

"Haka zan faɗa?"

"Haka."

Ta faɗa ne yadda ta saba faɗa wa Gwaggo. Tafintan ya ɗauki laima ya fita. Ta gilashin ta bi shi da ido ya hau gada, ya sauka, ya tsaya gaban Yaya. Ta ga laimar Yaya ta karkace. An daɗe kafin tafintan ya dawo, ƙafar wandonsa a jiƙe.

"Ya ce in gaya miki ke ce kika yarda, Gwaggo shaida ce. Ya ce gilashi ya ruɗe ki kamar wadda ba ta taɓa shiga birni ba. Ya ce tun kina rarrafe ba ki taɓa fara abu kin gama ba sai an bi bayanki an share. Ya ce in koyon bai ƙare ba har yanzu, ki zo ki zauna a ƙasa ya ƙarasa miki."

Auta ta juyo ta dube shi.

"Haka ya faɗa?"

"Ban rage ba, ban ƙara ba, Hajiya. Aikina ke nan. Naki ma haka na kai."

"Har da likitocin?"

"Har da su."

Shekara biyu amsar da ke zuwa mata daga ofishin Yaya ba ta wuce, ya ce ya gani, ya ce Allah ya yi albarka. Ta zauna a kujerar gaba ta dubi dandamali. Ta fara tuna otal-otal ɗin da suka kawo uzuri, da masu motar da suka yi tafiya, ta bar tunanin a tsakiya saboda ba shi ne a gabanta ba.

Ta kira wayar Gwaggo. 'Yar ce ta ɗauka.

"Anti, Mama barci take yi."

"Ki tashe ta. Magana ɗaya ce."

"Yaya ma ya kira yanzu, shi ma magana ɗaya ce. Likita ya ce kada a ɗaga mata hankali. Ku kuka sa mata hawan jini, yanzu kuma ga ƙugu. Ku yi maganarku da bakinku mana, ba a yanke wa kowa harshe ba."

"Ni kike gaya wa haka?"

"Sai anjima, Anti."

Ta kira mijinta. Ya saurara har ta gama, ana jin ƙarar cokali a kofi ta can.

"To ki gaishe shi mana. Ina wuni ce fa kawai, ba fili za ki ba shi ba."

"Kai ma layinsa ka shiga?"

"Ni layin abincin gidan nan nake. In matar nan ta tafi da taronta, me za ku riƙa shiryawa? Ɗaurin auren unguwa?"

Ta kashe wayar. Ta san gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ta haushi ke nan.

Bayan azahar ta ɗauki laima ta fita. Ba ta yanke abin da za ta ce ba. Ta hau matakalar gadar, ƙarfe mai santsi, motoci suna wucewa a ƙasa da fitilu a kunne. Tana kaiwa sama ta hango shi yana tahowa daga ɗaya ɓangaren. Ya rame a wuya, ta lura, kuma rigar sanyin Baba ce a jikinsa, mai ruwan toka, wadda aka ɗinke aljihunta da baƙin zare. Suka tsaya, tazarar laima biyu a tsakaninsu.

Ya zuba mata ido yana jira. Ta san abin da yake jira. Gaisuwar ta zo mata har maƙogwaro, ta haɗiye ta.

"Zaurenka ba zai ɗauki rabin mutanena ba," ta ce.

"Da wa ake magana?"

"Da mai zauren."

"Ban ji an yi sallama ba."

"Ba gidanka na shigo ba, gada ce."

Ya gyara riƙon laimar. "Farfesa a keke yake. Dandamalinki matakala ne. A ka za ki ɗauke shi?"

"Ana sa katako."

"Kin tambaya?"

Ba ta tambaya ba. Ta ce, "Tafintocina fa? A ina za su zauna a kangonka, ƙarƙashin teburi?"

Shi ma bai yi tunanin wannan ba.

Mafitar a fili take, ta gan ta, ta kuma ga ya gan ta. Mutanensa ba su da yawa, mota ɗaya za ta kwashe su. Ta sassauta murya iya yadda za ta iya.

"Ka kawo su da safe. Zan sa a yi wa Farfesa hanya."

"Sai ki hau dandamali ki nuna wa duniya yayanki ya yi shirme, ke kika gyara."

"In na yi, ai ka san yadda ake ƙwace makirufo."

"Abin da na faɗa ranar gaskiya ne."

"To ka riƙe gaskiyarka, in riƙe gaisuwata."

"In Baba ya ji wannan, ke kika ƙarasa shi."

"Baba magana ya rasa, ido bai rasa ba. Ya ga wanda ya fitar da kujerarsa daga ofis tun ba a sallamo shi daga asibiti ba. Yanzu har rigarsa an saka."

Fuskarsa ta ɗaure. Wata babbar mota ta wuce a ƙasa, gadar ta yi rawa a ƙarƙashin ƙafafunsu.

"Ƙofata a buɗe take da safe," ya ce. "Wanda ya zo, ya zo."

"Tawa ma haka."

Kowa ya juya ta inda ya fito.

Tana komawa ta nemi manajar taro ta ce a kawo kafintoci. Kafin magariba an shimfiɗa katako daga ƙasa zuwa dandamali, an lulluɓe shi da darduma, ta sa wani ma'aikaci ya zauna a kujera mai taya aka tura shi sama aka dawo da shi. Ta je jikin gilashin don ta huta. A ƙofar tsohon otal wata mota ce a tsaye, ana sauke kujeru masu naɗewa da ɗakunan tafinta na haya guda biyu, Yaya yana nuna inda za a bi da su. Kowa ya toshe ramin da ɗan'uwansa ya nuna masa. Yanzu zauren biyu duk za su iya ɗaukar taron, kuma babu sauran uzurin da wani zai fake da shi ya tsallaka.

Da safiyar Talata wakilai suka fara shigowa. Auta ta tsaya a ƙofa tana miƙa katunan rataya a wuya, tana murmushin aiki. Suka sha shayi, suka zauna, suka buɗe littafin shirin taro. Tafintoci suka shiga ɗakunansu. Kujerun dandamali suna nan babu kowa, kowace da kwalbar ruwa a gabanta.

Ta koma jikin gilashin. Yaya yana tsaye a ƙofar tsohon otal, yana duban agogo, yana duban gada. Ta fito da waya ta rubuta saƙo ɗaya ga wakilai duka, cewa an canja zaure, a tsallaka ɗaya hannun. Ta karanta shi. Dannawa ɗaya ya rage. Ta ɗaga kai, ta ga shi ma waya ce a hannunsa, kansa a sunkuye. Ta ce a ranta shi ne mai mutane kaɗan, shi ya kamata ya motsa, kuma ga dukkan alamu yanzu zai motsa. Ta jira. Ya mayar da wayar aljihu. Ta goge saƙon.

Hayaniya ta fara tashi a bayanta. Wani wakili mai gemu ya ɗaga hannu.

"Hajiya, mu za mu yi wa kanmu jawabin ne?"

"Suna hanya," ta ce.

Shugabar ƙungiyar da safen nan jirginta ya sauka. A filin jirgi ta tarar da direba biyu, kowa riƙe da allo mai sunanta, suka kama akwatinta suna ja. Ta bar wa ɗaya akwatin, ta bi ɗayan. Akwatin ya tafi tsohon otal, ita ta sauka a sabon. Gajeriya ce, mai muryar da ta saba kiran makiyayi daga nesa. Ta shigo zauren ta dubi kujeru, ta dubi dandamali, ta bi yatsan tafinta zuwa gilashin, ta karanta ƙyallen da ke ɗaya hannun. Ta juyo ga Auta.

"Ki kira yayanki."

"Ranki ya daɗe, ba ma..."

"Na sani. Kowa ya sani. Na ɗauka kunya za ta hana ku kawo faɗanku nan."

Ta karɓi laimar Auta ta fita da kanta. Wakilai suka taso suka jeru a jikin gilashin, suna kallon shugabarsu ta hau gada. Jim kaɗan ta sake bayyana, masu jawabi a bayanta a layi, kowa ya kare takardarsa da hannun riga. Wani a cikin wakilan ya yi irin sautin da ake kora garke da shi, aka yi dariya. Auta ba ta juya ba.

Farfesa bai zo ba. Ya ce a takarda aka rubuta masa wancan zauren, shi kuma ya tsufa da a yi ta yawo da shi a ruwan sama. Ya sa aka tura shi gaban makirufo a can tsohon zauren ya karanta jawabinsa na buɗe taro daga farko har ƙarshe, ga kujerun haya, da Yaya, da wasu ma'aikata biyu na otal ɗin da ba sa jin yaren. A sabon otal aka fara taro dab da azahar ba jawabin buɗewa. Katakon da aka shimfiɗa babu keken da ya hau shi.

A lokacin hutu shugabar ta tara su biyun a baranda, kusa da teburin kofuna. Yaya ya tsallako ne saboda ita ta aika.

"Kada ki ɗauka naki ne ya fi," ta ce wa Auta. "Kaɗan sun fi sauƙin kora, shi ke nan." Ta juya ga Yaya. "Kai kuma ka bar tsoho yana yi wa kujeru lacca. Na yi rayuwata ina raba bijimai, su ma in aka zuba abinci sukan sauke kai. Da mai kamfani zan yi magana. Wane ne a cikinku?"

"Ni ne babba," in ji Yaya.

"Mai kamfani yana gida a kwance," in ji Auta.

"To ku kai masa labari. Ku zaɓi wanda zai faɗa masa a cikinku, ni ba 'yar aikenku ba ce. Abin da muka yanke game da baɗi za ku ji."

Sauran kwanakin taron sun tafi daidai. Ba a rasa mota ba, abinci bai makara ba, tafintoci ba su yi tuntuɓe ba. Babu wanda ya yaba.

Ranar da aka rufe taro aka mayar wa Gwaggo wayarta. Auta ta kira daga ɗaki, akwatinta a buɗe a kan gado. Ta yi mata ya jiki, ta saurari labarin ƙugu da na abincin asibiti, sannan ta yi tambayar.

"Gwaggo, wane zaure kika yi niyyar sokewa?"

"Nasa mana, 'yar nan. Ai naki ya fi."

Kafin Auta ta ce wani abu ta ji muryar 'yar daga gefe, ba ta ko rage murya ba.

"Mama, ɗazu fa da Yaya ya kira cewa kika yi na Anti za ki soke."

Sai layin ya katse.

A jirgin komawa kujera uku ce a jere kamar da. Auta ta zauna ta taga, Yaya ta bakin hanya, jakarsa ta riga tata shiga sama. Har aka rufe ƙofa babu wanda ya zo kujerar tsakiya. Babu wanda ya gaya wa Baba tukuna, kuma ƙungiyar ba ta ce komai ba game da taron baɗi.